Kyautar Marc Gasol ta 2013: me ake aunawa a wajen mai tsaron gida?

A watan Afrilun 2013 hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, ta bayyana Marc Gasol na ƙungiyar Memphis Grizzlies a matsayin gwarzon mai tsaron gida na kakar 2012-13. Ba a cika wata guda ba hukumar ta fitar da jerin zaratan masu tsaron gida na kakar, sahu na farko da sahu na biyu, sai ga sunan Gasol a sahu na biyu. Wato mutumin da aka ce babu kamarsa a duk gasar, a gurbin da yake bugawa ma an sa mutum biyu a gabansa: Tyson Chandler na New York da Joakim Noah na Chicago, waɗanda suka yi kunnen doki. Shekara fiye da goma ke nan, amma duk lokacin da gardamar wannan kyauta ta taso sai an jawo wannan magana, kuma LeBron James na Miami, wanda ya zo na biyu a wancan zaɓe, ya sha nuna cewa abin bai bar masa rai ba.

Yadda aka yi haka ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A lokacin, 'yan jarida da masu sharhin wasa ne ke zaɓen gwarzon, su kuma masu horar da ƙungiyoyi 30 su ne ke zaɓen sahun farko da na biyu. Idanu iri biyu ne suka kalli kaka ɗaya, kowa ya ga nasa. Ko a cikin 'yan jaridar ma kai bai haɗu ba. Mutum 121 ne suka jefa ƙuri'a, kowa ya rubuta suna uku, na farko maki 5, na biyu 3, na uku 1. Gasol ya tashi da maki 212, LeBron 149, Serge Ibaka na Oklahoma City 122. Waɗanda suka sa Gasol a farko su 30 ne kacal, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ci ne saboda mutane da yawa sun yarda yana cikin ukun farko, ba don ya rinjayi kowa ba.

Abin da ya sa wannan shekara ta cancanci a zauna a kanta shi ne mutanen uku da suka zo kan gaba kowannensu yana tsaye ne a kan hujja daban. Ibaka yana da alƙaluma. LeBron yana da suna da baiwar da kowa ke gani da idonsa. Gasol kuwa abin da yake da shi sai an tsaya an duba da kyau kafin a gan shi.

Abin da takarda ke ƙirgawa

Takardar sakamakon wasan ƙwallon kwando tana cike da bayani a kan mai kai hari: maki nawa ya ci, jifa nawa ya yi, nawa suka shiga, sau nawa ya miƙa wa abokinsa ƙwallon da ta zama maki. A ɓangaren tsaron gida kuwa abu uku take rubutawa. Sau nawa ya kaɗe ƙwallo a sama bayan abokin hamayya ya jefa ta kwando, sau nawa ya ƙwace ƙwallo, sau nawa ya cafke wadda ta bugi kwando ta dawo. Biyun farko ma sai a kakar 1973-74 aka fara rubuta su, shi ya sa Bill Russell, wanda ya ci kambu 11 da Boston kuma tsofaffin masana ke cewa ba a yi mai tsaron gida kamarsa ba, ba shi da ko ƙwallo ɗaya da aka rubuta ya kaɗe.

A wannan ma'auni Ibaka ne sarki. Ya kaɗe ƙwallo 3.0 a kowane wasa, babu wanda ya kai shi a gasar, kuma a kakar da ta gabata ma shi ne kan gaba da sama da 3.6. Gasol 1.7 yake da shi, ya ƙwace 1.0, ya cafke 7.8. Ga mutum mai tsayi sama da mita biyu da ke tsaye ƙarƙashin kwando minti 35 a kowane dare, waɗannan ba alƙaluman da za su sa a waiwaya ba ne.

To amma a yi lissafi kaɗan. A wancan zamani kowace ƙungiya kan kai hari wajen sau 90 a wasa mai minti 48. Wanda ya buga minti 35 yana cikin fili a hare-hare sama da 60 na abokan hamayya. Idan ya kaɗe uku, me ya faru a sauran? Takarda ta yi shiru. Bambancin da ke tsakanin Ibaka da Gasol a kaɗe ƙwallo bai kai hari biyu ba a cikin sittin da wani abu, kuma a kan waɗannan biyun ne ake so a yanke hukuncin wanda ya fi.

Ba ma wannan kaɗai ba, kaɗe ƙwallo yana da farashi. Dogon da ke farautarta yakan bar mutumin da yake gadi ya ruga wajen mai jifa. In mai jifan ya yi kamar zai jefa bai jefa ba, dogon ya riga ya tashi sama, sai dai ya faɗo a kansa alƙalin wasa ya busa, ko a miƙa wa wanda ya bari ya zura ba mai hana shi. In ma ya kaɗe ta da ƙarfi ta fita waje, 'yan kallo su yi ihu, ƙwallon dai ta koma hannun masu harin. Haka ƙwace ƙwallo yake. Allen Iverson ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar shekara uku a jere, daga 2001 zuwa 2003, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi cikin zaratan masu tsaron gida ba, domin masu kallo da kyau sun san sau nawa yake zabura ya kuskure ya bar ƙofa a buɗe.

Kada a ɗauka ina cewa alƙaluman Ibaka holoƙo ne. Tsaron gidan Oklahoma City yana cikin biyar mafi kyau a kakar, kuma akwai 'yan wasan da suka fasa shiga ƙarƙashin kwando don tsoron hannunsa. Abin da nake cewa shi ne adadin 3.0 shi kaɗai bai gaya mana haka ba. Sai an nemo wata shaida.

Hari ɗaya, a hankali

Harin da aka fi kaiwa a NBA ba shi da sarƙaƙiya. Mai riƙe da ƙwallo yana can nesa da kwando, mai gadinsa na gabansa. Sai dogon ƙungiyarsu ya taso ya tsaya cak a gefen mai gadin ya yi masa shinge da jikinsa. Mai ƙwallon ya bi ta gefen shingen, mai gadin ya maƙale, dogon kuma ya juya ya nufi kwando. Na ɗan lokaci, abin da bai wuce daƙiƙa biyu ba, mutum ɗaya ne ya rage a gaban mutum biyu, shi ne dogon masu tsaron gida. A Memphis, Gasol ke nan.

Wanda ya nemi bidiyon wasannin Memphis na wannan kaka ya ɗauke idonsa daga ƙwallo ya ajiye a kan mai lamba 33, wato Gasol, ga abin da zai yi ta gani. Tun kafin shingen ya iso bakinsa na motsi, hannunsa na nuni, yana gaya wa abokan wasansa Mike Conley ko Tony Allen ta wane ɓangare ake zuwa, domin su bayansu ne ke fuskantar shingen, shi ne idonsu. Da mai ƙwallon ya zagayo, Gasol ba ya rugawa kansa, ba ya kuma komawa can ƙarƙashin kwando ya ba shi fili. Yakan ja da baya taki ɗaya, taki biyu, ƙirjinsa na fuskantar mai ƙwallon, hannu ɗaya a miƙe ta hanyar da za a bi a miƙa wa dogon da ke gudu. Mai ƙwallon ya duba kwando, a rufe. Ya duba abokinsa, akwai hannu a tsakani. Kafin ya yanke shawara Conley ya kuɓuce daga shingen ya dawo gabansa. Sai ya ja da baya, a sake sabon lale, agogon daƙiƙa 24 kuma yana ci. A ƙarshe wani ya jefa daga tsaka-tsakin nesa, wurin da ya fi ko'ina ƙarancin riba a fili, da hannu a fuskarsa. Ƙwallon ta bugi ƙarfe. Gasol ya juya ya sa bayansa ya tokare dogon abokan hamayya, abokin wasansa Zach Randolph ya tashi ya cafke.

A takarda, abin da aka rubuta a wannan hari layi ɗaya ne: Randolph ya cafke ƙwallo. Ya gama kakar da 11.2 a kowane wasa, wani ɓangare na wannan adadi kuwa bayan Gasol ne ya share masa hanya. Sunan Gasol bai fito ba ko kaɗan, alhali shi ya kashe harin tun daga tushe. Rigakafi ya fi magani, amma maganin ake ƙirgawa.

Akwai wata doka da ke ƙara wa wannan aiki wuya. Tun kakar 2001-02 ba a yarda mai tsaron gida ya tsaya a cikin fentin da ke gaban kwando sama da daƙiƙa uku ba, sai in yana gadin wani a kusa. Dogo ba zai kafa sansani a wurin ba. Dole ya riƙa shiga yana fita, yana ƙirga daƙiƙa a zuciyarsa, yana hasashen lokacin da za a buƙace shi. Gasol ba shi da gudu, ba shi da tsalle. Lokacin da yake makarantar sakandare a Memphis, sa'ad da wansa Pau ke buga wa ƙungiyar, an fi saninsa da ƙiba. Sai a zaɓi na 48 Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2007, kuma da aka haɗa da shi cikin cinikin da ya kai Pau Lakers a 2008, mutane da yawa sun ce an yi wa Memphis wayo. Abin da ya rasa a ƙafa da kai ya cike shi. Yakan isa wurin kafin mai gudu, don ya san inda za a je tun kafin a tashi.

Shaidar da ta wuce ido

Duk wannan bayani zai iya zama daɗin baki kawai in babu abin da ya tabbatar da shi, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa a jefar da alƙaluma a bi ido. Memphis ce ƙungiyar da aka fi zura wa maki kaɗan a kakar, ƙasa da 90 a kowane wasa. Gaskiya ne tana wasa a hankali, hare-haren ba su da yawa, wannan na rage maki. Amma ko da aka auna da makin da ake ci a kowane hari 100, ma'aunin da ya cire batun sauri, Indiana ce kawai ta sha gabanta. Ta ci wasa 56 cikin 82, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta kafin nan, duk da cewa harinta bai taka kara ya karya ba kuma a watan Janairu ta sayar da Rudy Gay, wanda ya fi ci mata maki. Da aka kwatanta mintocin da Gasol ke fili da waɗanda yake kan benci, tsaron gidan ya fi ƙarfi ƙwarai idan yana ciki. Ya kuma buga wasa 80.

Ashe ke nan rabon da ake yi, a ce alƙaluma a gefe guda tasiri a ɗaya gefen, bai daidaita ba. Waɗanda suka zaɓi Gasol ma da alƙaluma suka kafa hujja. Sun bar ƙirga abin da hannunsa ya taɓa, sun koma ƙirga abin da ya samu abokan hamayya idan yana tsaye a gabansu. Na farko yana auna motsin mutum ɗaya, na biyu yana auna sakamako. Aikin mai tsaron gida kuwa ɗaya ne, kada a ci maki.

Wannan ma'auni na biyu ma yana da raunin da bai kamata a ɓoye ba. Mutum biyar ne a fili, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tony Allen, wanda masu horarwa suka sa a sahun farko a wannan shekara, yana gefen Gasol. Conley yana sahu na biyu. Ƙungiya ɗaya, mutum uku a jerin. Wa ya san rabon kowa? Akwai masu ƙuri'ar da suka ba Allen matsayi na farko, kuma ba za a ce sun yi wauta ba, domin duk dare shi ake turawa kan wanda ya fi haɗari a cikin abokan hamayya. Abin da ya sa nake ganin Gasol ne ginshiƙi shi ne Allen mai zafin nama ne, yana manne wa mutum, yana zabura neman ƙwallo, kuma irin wannan wasa ba ya yiwuwa sai da wanda zai rufe bayanka in ka kuskure. Ga shi kuma mintocin Allen ba su kai na Gasol ba. Mai gadin gefe mutum ɗaya yake hanawa. Wanda ke tsakiya kusan kowane hari sai ya ratsa ta wurinsa.

Masu horarwa da LeBron

Hujjar da aka fi bugun ƙirji da ita a kan Gasol ita ce ta masu horarwa: su ne ke kwana suna nazarin abokan hamayya, in sun ce sahu na biyu, wane ne ɗan jarida da zai ce a'a? Ina girmama saninsu, amma a duba abin da suka zaɓa. A 2012 Chandler ne ya ci kyautar gwarzon bayan ya gyara tsaron gidan New York, masu horarwa suka sa Dwight Howard a gabansa, wanda ya ci kyautar sau uku a jere daga 2009 zuwa 2011. A 2013 tsaron gidan New York ya koma baya, ba ya ma cikin goma na farko, sai a lokacin suka ɗaga Chandler zuwa sahun farko. Shekara guda suke bin baya. Wannan alama ce ta zaɓen da suna ke ja, ba aikin kakar da ake magana a kai ba. Mai horarwa yana haɗuwa da ƙungiyar ɗaya shiyyar sau biyu ne kawai a kaka, hankalinsa kuma na kan tasa ƙungiyar. Ido ma, in ba a tsare shi da shaida ba, abin da ya saba gani yake gani.

Maganar LeBron ta fi nauyi. A wannan kaka Miami ta ci wasa 66, har da 27 a jere, shi kuma ya zama gwarzon ɗan wasan gasar da ƙuri'a 120 cikin 121. Hujjarsa ita ce yana iya gadin kowa, daga ƙaramin mai rarraba ƙwallo har dogon tsakiya, kuma ba ƙarya ya yi ba. An ga yadda ya shaƙe Derrick Rose a ƙarshen wasannin shiyyar gabas na 2011. An ga ƙwallon da ya bi Andre Iguodala a guje ya kaɗe a wasa na bakwai na ƙarshen gasar 2016. In aka ce hari ɗaya ya rage a duniya, a zaɓi mutum ɗaya ya tsare, ni ma LeBron na 2013 zan ɗauka kafin Gasol.

Sai dai kyautar ba ta wanda ya fi iyawa ba ce, ta wanda ya fi yi ce, daga Oktoba zuwa Afrilu. Nauyin harin Miami yana wuyan LeBron, saboda haka mai horarwa Erik Spoelstra yakan tattala ƙarfinsa. Dare da yawa Shane Battier ne ke kokawa da ƙarfafan da suka fi shi jiki, a ajiye LeBron sai wasa ya yi tsanani. Tsaron gidan Miami yana cikin goma na farko amma bai kusa da na Memphis ba. Gasol ba shi da wanda zai karɓe shi. Duk harin da aka kawo yana ciki, daga minti na farko. Ina jin zafin da LeBron ke ji, mutum ya zo na biyu sau biyu, a 2009 da 2013, ya kuma ga kyautar ita ce ta gagare shi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tim Duncan ya shiga jerin zaratan masu tsaron gida sau 15, babu wanda ya kai shi, bai taɓa cin kyautar ba. A 2007 Marcus Camby na Denver ne ya ɗauke ta da ƙwallo 3.3 da yake kaɗewa, alhali tsaron gidan San Antonio da Duncan ke riƙe da shi ya fi na Denver nesa ba kusa ba. In akwai shekarar da adadi ya rufe wa masu zaɓe ido, waccan ce, ba 2013 ba.

Bayan an rufe ƙuri'a

Wasannin neman kambu ba sa cikin lissafin kyautar, amma sukan nuna ko an yi zaɓen kirki. Memphis ta fitar da Los Angeles Clippers da ci 4-2, sannan ta haɗu da Oklahoma City ta su Ibaka ta fitar da ita 4-1. Dole a faɗi cewa Russell Westbrook na Oklahoma City bai buga ba saboda rauni a gwiwa. Nauyi ya koma kan Kevin Durant, kuma a wasan ƙarshe jifa 5 ne suka shiga cikin 21 da ya yi. Wannan ne karon farko da Memphis ta kai wasan ƙarshe na shiyyar yamma.

A can San Antonio ta share ta 4-0, ko da yake wasa biyu sai da aka yi ƙarin lokaci. Yadda aka yi ta yana da muhimmanci ga wannan nazari. Mai horar da San Antonio, Gregg Popovich, ya baza masu jifan nesa a kusurwoyi, aka riƙa jawo Gasol da Randolph waje, Tony Parker yana ratsawa. Ya miƙa ƙwallo 18 da suka zama maki a wasa na biyu, ya ci maki 37 a na huɗu. Wannan ita ce iyakar dogo mai nauyin ƙafa, kuma a nan hujjar LeBron ta sake samun ƙarfi, domin a wasannin ƙarshen gasar na wannan shekara an riƙa tura shi kan Parker idan wasa ya zo gangara, Miami kuma ta ɗauki kambun. Ban ga wannan ya rushe zaɓen Gasol ba. Ya dai nuna cewa abin da ke tsare gida a wasa 82 da ƙungiyoyi 29 daban-daban ba lallai ne ya tsare shi a gaban ƙungiya ɗaya da ta zauna ta yi nazarinka ba.

Daga kakar da ta biyo baya abubuwa biyu suka canja. Zaɓen sahun farko da na biyu ya koma hannun 'yan jarida, aka daina samun irin wancan saɓani. Sannan aka kafa kyamarori a rufin dukkan filayen gasar, masu bin motsin kowane ɗan wasa da ƙwallo. Daga nan aka fara sanin kashi nawa na jifa ke shiga idan wane yana kusa da kwando, da ma yadda abokan hamayya ke rage zuwa wurin in yana nan. Aikin da Gasol ke yi a ɓoye ya fara samun adadi.

Su kuma tsofaffin alƙaluman, an ƙara gane cewa hannun ɗan Adam ne ke rubuta su. Mutum ne ke zaune a gefen fili yana yanke hukuncin ko wannan kaɗewa ce, ko wa za a ba wannan ƙwacen. A Janairun 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a intanet cewa ana ƙara wa Jaren Jackson Jr., shi ma na Memphis, adadi a wasannin gida. NBA ta musanta, ta ce akwai masu bin diddigin abin da aka rubuta, 'yan jaridar da suka sake kallon bidiyon kuma suka ga mafi yawansu daidai ne. Jackson ya ci kyautar a shekarar. A 2024 wani binciken jarida ya nuna tazara mai faɗi tsakanin abin da aka rubuta wa Michael Jordan a gida da a waje a kakar 1987-88, shekarar da ya ci tasa. Ko me mutum ya ɗauka a kan waɗannan biyu, makin da aka zura wa ƙungiya ba ya buƙatar fassarar kowa, yana kan allo.

Gasol da Ibaka, waɗanda dama abokan wasa ne a tawagar Sifaniya, sun sake haɗuwa a Toronto a 2019 suka ci kambu tare. Gasol ne ke fara wasa, Ibaka na shigowa daga benci. Gasol yana da shekara 34 a lokacin, ƙafa ta ƙara nauyi, amma shi aka ɗora wa gadin Joel Embiid, dogon Philadelphia, a wasanni bakwai da suka buga, kuma a Nuwamban wannan shekara Embiid ya buga wasa guda a Toronto ya tashi ba maki ko ɗaya.

Tun Disamban 2022 kofin wannan kyauta yana ɗauke da sunan Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci ta a 1993 da 1994 kuma har yau babu wanda aka rubuta wa kaɗe ƙwallo sama da 3,830 da yake da su. A wajensa adadi da tasiri tafiya ɗaya suka yi, ba a sha wahalar zaɓe ba. Wahalar tana zuwa ne a shekarar da suka rabu, kamar 2024. Rudy Gobert ya ci ta karo na huɗu, ya kamo Dikembe Mutombo da Ben Wallace, yana tsakiyar Minnesota mai tsaron gida mafi ƙarfi a gasar. Victor Wembanyama, ɗan Faransa kamarsa, sabon shiga, ya zo na biyu da kaɗe ƙwallo 3.6 a ƙungiyar San Antonio da ta ci wasa 22 kacal. A fuska kamar Gasol da Ibaka ne aka maimaita, amma ba haka ba ne. Tsaron gidan San Antonio yakan zama wani abu daban idan Wembanyama na fili, ya ruguje in ya zauna, 'yan wasa kuma kan shigo ƙarƙashin kwando su hango shi su juya da ƙwallonsu. Wanda ya ce a bi matsayin ƙungiya kawai zai zalunce shi, kamar yadda mai bin kaɗe ƙwallo kawai zai zalunci Gasol. Da ina da ƙuri'a a 2024 Gobert zan ba, saboda ya riƙe tsaro mafi ƙarfi tun daga farkon kaka har ƙarshenta, shi kuwa yaron sai da kaka ta yi nisa, aka mayar da shi tsakiya, sannan ya kai wannan mataki. A 2025 gudan jini a kafaɗa ya tsayar da Wembanyama a wasa 46, sabuwar dokar da ta ce sai an buga 65 ta cire shi daga takara, kyautar ta tafi ga Evan Mobley na Cleveland, a gaban Dyson Daniels na Atlanta wanda ya ƙwace ƙwallo 3.0 a kowane wasa.